Bargar Sarki: Tushen Ƙarfin Dawakin Fada

A ranar hawan salla jama'a kan zuba ido ga jan sirdi, da likkafar azurfa, da barade masu rawani suna jinjina gaban sarki. Kaɗan ne ke tuna inda dokin ya kwana. Amma magabata sun san lafiyar doki daga ƙasan bargarsa take farawa, shi ya sa tun zamanin da sarakunan wannan yanki suka ba kula da barga matsayi a cikin tsarin sarauta.

A ƙarni na 19 doki shi ne ƙarfin sarauta. Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadin da ya fara a 1804, da Gobirawan Tsibiri, da dawaki suka riƙe ƙasarsu shekara da shekaru. A Damagaram kuwa, Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, duk da haka mahaya ne gaban rundunarsa. Doki dukiya ne mai tsada, balle ɗan Azbin da ake kawowa daga arewa, kuma mutuwar guda ɗaya hasara ce ga fada baki ɗaya. Saboda haka a yawancin fadojin ƙasar Hausa aka naɗa Shamaki ya zama mai kula da bargar sarki, da ƴan barga a ƙarƙashinsa, kowane da dokin da yake ɗawainiya da shi. Zagi kuma, mai tafiya gaban dokin sarki, shi ne ke fara ganin ɗingishi idan ya bayyana.

Shimfiɗar barga a wannan ƙasa ta bambanta da ta Turai, inda ake baza karan alkama saboda sanyi. Nan ciyawa abinci ce, harawa da ingirici kuwa sun fi ƙarfin a taka su. Abin da Allah ya hore a yalwace shi ne yashi. Ana ɗebo busasshe da jakuna a cikin mangala, a baza shi kewaye da turke, a ɗan tayar da wurin yadda ruwa zai gangara waje. Yashi yana tsotse fitsari, yana da laushi ga kofato, doki kuma yana jin daɗin birgima a kansa bayan doguwar tafiya. Illarsa guda ce: idan aka zuba gero ko dusa a ƙasa, doki kan haɗiye yashin tare da abinci har ya taru masa a ciki, ya jawo ciwon ciki mai kisa. Wannan ya sa ake ba shi hatsi da kanwa a cikin mazubi.

Aikin ɗan barga kan soma ne bayan sallar asuba. Babban doki yakan fitar da kashi kimanin kilo 15 a yini guda, ban da fitsari. Sai a kwashe kashin da kwando, a share ragowar ciyawa, a ƙwaƙule yashin da ya jiƙe a maye gurbinsa da sabo, a yayyafa toka inda ke wari. Da la'asar a sake. Dalilin wannan naci a bayyane yake: doki ɗaurarre ba ya iya kauce wa ƙazantarsa. In ya daɗe tsaye cikin laima, ƙasan kofatonsa ya yi laushi ya fara ruɓa, warin fitsari ya dami numfashinsa, ƙuda da kaska su sami wurin zama. Da damina aikin ya fi tsanani, domin yashi ba ya bushewa da wuri, kuma lokacin ne ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗa annobar dawaki. Sai a riƙa hura wuta da almuru, hayaƙi ya kore su.

Abin da aka kwashe ma ba a banza yake tafiya ba. Ana tara shi nesa da turke har ya nuna, kafin faɗuwar ruwa a kai shi gandun sarki da garake a matsayin taki. Ta haka geron da doki ya ci yake komawa gona, gonar kuma ta sake ciyar da shi.

Zamani ya juya a 1899, lokacin da sojojin Faransa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga Damagaram. Daga nan doki ya bar fagen fama, ya koma abin rangadi da karɓar baƙi. A 1926 aka mayar da babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai, mota kuma ta ci gaba da karɓe aikin tafiya. A Maraɗi, ambaliyar gulbi ta 1945 ta rushe tsohon gari da ke cikin fadama, aka tashi aka koma kan tudu, fada da bargarta duka. Yawan dawaki ya ragu, ƴan barga suka zama ma'aikatan lada, likitan dabbobi ya shigo da allura da maganin tsutsa. Wasu suka dabe barga da siminti, sannan suka gane dole a rufe shi da yashi, domin tsayuwa kan dandaryar siminti tana gajiyar da ƙafar doki.

Magani bai ɗauke wa kowa wannan aiki ba. Duk gidan da ya gaji turke ya gaji kwando da tsintsiya tare da shi, kuma wajibi ne masu sarauta su koya wa samari abin da dattawan barga suka sani tun suna da rai. Allah ya jiƙan magabata, ya ja zamanin sarki, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.