Yunwar 2005 da maganin tamowa

Jama'a, duk wanda ya ga yunwa ya san ƙananan yara take fara kayarwa. Kuma ba ita kaɗai ke kisa ba. In yaro ya rame, jikinshi ba shi iya tsare kanshi. Sai zawo, ko dussa, ko masassara su same shi, su ida shi.

Haka aka gani lokacin farin 1973 da 1974. Bisashe sun mutu, mutane suka baro garuruwansu, suka taru cikin zango, kamar na Lazare a Yamai. Wurin da jama'a ta cunkushe, ruwa ba tsabta, cuta ba ta wuyar yaɗuwa. A zamanin nan, kuma har shekaru bayan haka, yaro mai tamowa sai a kwantar da shi gidan likita, ana ba shi madara. Uwa ta zauna tare da shi sati da sati. To, wa za ta bar ma gona da sauran ɗiya? Shi ya sa uwaye da yawa ba su zuwa.

A shekara ta 1996, a ƙasar Faransa, likita André Briend da Michel Lescanne suka haɗa wani abinci: gujiya niƙaƙƙa, da garin madara, da sukari, da mai, da magungunan ƙarin ƙarfi. Sunanshi Plumpy'Nut. Ba a dafa shi, ba a dama shi da ruwa, kuma ba shi saurin lalacewa.

A 2004, fari da fara suka ɓata amfanin gona. Da 2005 ta zo, hatsi ya yi tsada ƙwarai. Kasuwa akwai hatsi, talaka ba kuɗin awo. A shekarar nan, likitocin ƙungiyar MSF sun yi ma yara fiye da 60.000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu cikin jihar Maraɗi. Wanda ya kasa cin abinci, ko wata cuta ta kama shi, shi ake kwantarwa. Sauran kuwa, kowane sati uwa ta kawo yaro a auna shi, a duba shi, ta amshi abincin ta koma gida. Cikin yara 10, wajen 9 sun warke.

Daga nan abubuwa suka sake. A 2006 gwamnati ta yanke shawarar a riƙa duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Daga baya, a yankin Mirya, aka koya ma uwaye auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi uku: tsanwa, lafiya lau, ɗorawa, a yi hattara, ja, a kai shi likita yau.

Tarihin nan ya nuna muna abu guda: likita na ba da magani, amma uwa ce ke fara ganin ciwo. In kun ga yaro na ramewa, ko ƙafafunshi sun kumbura, kada ku jira kaka. Kuma abincin nan magani ne. Kada a raba shi da 'yan uwa, kada a kai shi kasuwa.