Yadda Wainar Ƙwai Ta Zama Karin Kumallo a Gobir

Wanda ya ga abokai biyu da sassafe a tashar Isa ko ta Sabon Birni, sun sa mai shayi ya fasa musu ƙwai, ya yanka albasa da attarugu, ya kaɗa a kofi ya juye a kasko mai zafi, zai ɗauka tun kaka da kakanni haka ake karya kumallo a nan. Ba haka ba ne. Gobirawan da suka watse bayan faɗuwar birninsu Alƙalawa a 1808, waɗanda zuriyarsu ta kafa Sabon Birni daga baya, mutanen gero ne. Abincin safensu ɗumamen tuwo ne, ko kunu, ko fura da nono. Ƙwan kaza kuwa jari ne, ba a taɓa shi: a bar wa kaza ta ƙyanƙyashe, a sayar da 'ya'yan a sayi akuya. Har camfi aka kafa masa, cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai tashi ɓarawo, kuma a ganina wannan camfin katanga ce kawai da iyaye suka gina wa akurki.

Wani zai ce ai ƙwan zabi ya daɗe a bakin Bahaushe. Gaskiya ne, amma zabuwa da damina take zuba ƙwai, kuma yawanci dafa shi ake yi a yi talla, a ci da yaji a kasuwa. Abin da ke zuwa da damina ya wuce da kaka ba ya zama abincin kullum. Sai da abubuwa suka haɗu daga nesa kafin wainar ƙwai ta zama karin kumallo. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, kayan kanti irin su sukari da ganyen shayi da madarar gwangwani suka samu hanyar hawowa ta Shinkafi zuwa Isa. Kamfanin fulawa na Apapa ya fara niƙa alkama a farkon shekarun 1960, burodi ya fara sauƙin samu. Sannan kajin gidan gona, masu yin ƙwai rani da damina, suka yaɗu, musamman bayan shirin ciyar da ƙasa na 1976. Da kiret ya maye gurbin ƙwarya, sai ƙwai ya daina jiran ruwan sama.

Akwai kuma masu cewa duk wannan kwaikwayon Bature ne. Ban yarda ba. Kayan baƙi ne, amma zaman namu ne. Bature a gidansa yake cin ƙwansa, kowa da farantinsa. A nan kuwa benci ne a bakin titi, faranti ɗaya tsakanin mutum biyu, a tsaga burodi da hannu, wannan ya biya yau, wancan ya biya gobe, wanda ba shi da ko sisi mai shayi ya rubuta masa. Direba da ɗan kamasho da falke mai shirin ƙetarawa Maraɗi, waɗanda suka bar gida kafin a hura wuta, su suka raya wannan teburi. Shi ya sa duk ranar da 'yan bindiga suka tare hanyar Isa zuwa Sabon Birni, mai shayi na cikin waɗanda suke fara ji a jika: ƙwai da burodi ba su iso ba, masu ci ma ba su fito ba. Wainar ƙwai a Gobir 'yar hanya ce, kuma sai hanya ta samu lafiya za ta ɗore.