Sanyin Ƙashi: Suna Ɗaya, Cututtuka Barkatai

Daga Kazaure zuwa Babura, daga Roni zuwa Gwiwa, duk baligin da gaɓoɓi suka dama, za ka ji ya ce sanyin ƙashi ke damunsa. Tsofaffi kuwa su ce amosanin gaɓɓai. Duk sunayen biyu sun yi wa cutar yawa. Amosanin kai ƙaiƙayi ne da garin fata, amosanin jini kuma sikila ce. Shi ma ciwon sanyi, a bakin mata, wani abu ne daban.

Aƙalla cututtuka uku ke fakewa a bayan sanyin ƙashi. Akwai zaizayewar gwiwa da tsufa da aikin ƙarfi ke kawowa. Akwai gawut, mai tashin magidanci tsakar dare da kumburin babban yatsan ƙafa. Na ukun shi ne wanda likitan Landan, Alfred Garrod, ya raɗa wa suna rumatoyid a 1859, daga kalmar Girkanci mai nufin kwarara, domin mutanen da sun ɗauka wani ruwa ke gangarowa cikin gaɓa. Su sun ɗora wa ruwa laifi, mu mun ɗora wa hunturu, alhali garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa.

Wannan na ukun yana da kamanninsa. Yakan fara da ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda. Mace ta tashi da asuba yatsunta sun sage, ta kasa riƙe buta ko ɗaura zani, sai hantsi su sake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ke ɗauke da shi a 2019, kashi 70 cikin ɗari mata.

Gwajin jini kaɗai ba ya yanke hukunci. Bisa ma'aunin gano cutar da likitoci suka fitar a 2010, likita zai ƙirga gaɓoɓin da suka kumbura, ya tambayi ko ciwon ya kai mako shida, sannan ya haɗa da gwajin RF da anti-CCP da alamun kumburi a jini. Ana iya samun cutar jinin bai nuna ba.

Illar sunan sanyin ƙashi ita ce yakan tura mutum wajen ƙaho da gashi da ƙwayoyin kyamis, yatsu kuma na ta karkacewa, alhali magani irin methotrexate na tare ɓarnar idan an fara da wuri. Don haka in an je babban asibitin Kazaure, ko aka tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kada a tsaya a kan "sanyin ƙashi ne". A faɗi wace gaɓa, tun yaushe, da kuma yadda hannu ke wayar gari.