Yadda Za Ka Kare Abin Da Ka Ƙirƙira A Ƙasashen Waje

Idan kai ko ƙungiyarku kun ƙera wani sabon abu, misali injin ɓare gyaɗa mai aiki ta wata hanya daban, ko na'urar busar da tumatir, doka na iya ba ka takardar haƙƙin ƙirƙira. Takardar na hana wani ya ƙera abin ko ya sayar da shi ba da izininka ba, har tsawon shekara 20, muddin kana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara. Sai dai ƙarfinta a iyakar ƙasar da ta bayar yake tsayawa. Takardar da ka samu a Abuja ba za ta hana wani mai walda a Maraɗi ya kwaikwayi injinka ba. Babu kuma wata takarda guda da ta game duniya, duk wanda ya ce zai samo maka ita, riƙe kuɗinka.

Abu na farko shi ne ka kama bakinka. Sharaɗin samun takardar shi ne abin ya zama sabo, jama'a ba su san shi ba kafin ranar da ka shigar da buƙata. In ka kai shi kasuwa, ko ka ɗora bidiyonsa a Facebook, ƙasashe da yawa za su ce ya daina zama sabo, ko da kai ne ka nuna shi da kanka. Maƙerin da zai haɗa maka samfurin farko ma, ku yi yarjejeniya a rubuce cewa zai riƙe sirri. In kuma aikin ƙungiya ne, ku rubuta tun wuri da sunan wa za a yi rajista, da yadda za a raba abin da aka samu. Rigimar irin wannan sai kuɗi sun fara shigowa take tashi.

Fara da gida. A Najeriya ana shigar da buƙata a ofishin rajista da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki a Abuja, bisa dokar 1970, kuma hukumar NOTAP tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shirya takardu. Daga ranar da ka shigar, Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ba ka wata 12 ka nemi kariya a wasu ƙasashen, a lissafa maka da waccan ranar ta farko. Kada ka yi wasa da wannan wa'adi.

Ga mai sayarwa a maƙwabta, hanya mafi amfani ita ce OAPI, mai hedikwata a Yawunde. Buƙata ɗaya a can tana aiki a ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Cadi, Kamaru da Binin. Najeriya ba ta ciki, don haka ɗan Najeriya sai ya bi ta hannun wakilin da ƙungiyar ta amince da shi. Suna kuma da wata ƙaramar takarda ta shekara 10 wadda ta fi dacewa da gyaran kayan aiki irin na gona, kuma sharuɗɗanta sun fi sauƙi. Gana da Sudan kuwa suna ƙarƙashin ARIPO ne da ke Harare, inda kake zaɓar ƙasashen da kake so.

In hangenka ya kai Indiya, Sin ko Turai, akwai tsarin PCT na hukumar WIPO da ke Janeba, wanda Najeriya ta shiga a 2005. Buƙata ɗaya tana riƙe maka wuri a ƙasashe sama da 150, kuma a yawancinsu kana da wata 30 daga ranar farko kafin ka yanke inda za ka ci gaba. Za a yi maka bincike a gaya maka ko wani ya riga ka. Wannan rahoto na da daraja, domin ofishin Najeriya ƙa'idar takardu yake dubawa, ba ya tantance ko abin sabo ne da gaske. Amma PCT ba ya ba da takardar da kansa. Kowace ƙasa ita za ta yanke hukunci, kuma a nan ne kuɗin lauya da na fassara suke cin mutum. Saboda haka zaɓi ƙasar da kake da masu saye, ko wadda ake iya ƙera kwaikwayon a cikinta, ka bar sauran.

Sabon irin shuka ba ya shiga wannan layi. Iri yana da dokarsa daban, wadda Najeriya ta kafa a 2021, kuma OAPI ma tana da nata tsarin rajistar iri.