Mol: Ƙirga Abin da Ido Ba Ya Gani

A jikin buhun takin yuriya akwai lamba 46. Manomi ya san ta a aikace: kashi 46 cikin ɗari na takin naitirojin ne, abincin masara da shinkafa. Daga lissafin mol lambar ta fito. Mol ɗaya na yuriya giram 60 ne, giram 28 daga ciki naitirojin ne, wato kashi 46 da ɗoriya.

Duk da wannan amfani, ɗalibai da yawa haddar lamba kawai suka ɗauki mol, su rubuta 6.02 × 10²³ a jarrabawa su wuce. Abin takaici ne, domin mol dabara ce ta ƙirge da sikeli, kuma a haka ya kamata a koyar da shi.

Mai awon hatsi ba ya ƙirga ƙwaya, mudu yake cikawa. Sai dai mudun gero ya ninka mudun masara yawan ƙwaya. Masanin sinadarai kuwa adadi yake nema, saboda sinadarai ƙwaya da ƙwaya suke haɗuwa: ƙwayar naitirojin ɗaya da ta haidirojin uku ke ba da amoniya biyu, wadda da ita ake yin yuriya. Sikeli nauyi kaɗai ya sani. Mol ne ke sada su: adadin ƙwayoyi a tsaye yake, nauyi ke sauyawa daga sinadari zuwa sinadari.

An sha wuya kafin a kai nan. A 1811 Amedeo Avogadro, mutumin Turin a Italiya, ya ce iskoki masu cika mazubi ɗaya, a zafi da matsi iri ɗaya, adadin ƙwayoyinsu ɗaya ne. Maganar ba ta karɓu ba sai da Stanislao Cannizzaro ya farfaɗo da ita a taron masana sinadarai na Karlsruhe a 1860, shekara huɗu bayan rasuwar mai ita. Jean Perrin na Faransa ya kimanta adadin ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya ta hanyar lura da motsin ƙananan ɓarɓashi a ruwa, kuma a 1909 ya raɗa masa sunan Avogadro.

Daga 1971 an jingina mol da yawan atam da ke cikin giram 12 na kabon-12. Daga baya, domin samun ainihin adadin, masana suka goge dunƙulen silikon mai nauyin kilo ɗaya har ya zama kamar madubi, suka lissafa atam ɗinsa daga tsarin jerinsu. Tun 20 ga Mayu, 2019, mol ya zama ƙwayoyi 6.02214076 × 10²³ cif-cif.

Malami na iya nuna wannan a kan teburinsa. Ya auna ruwa giram 18, wanda ya ɗara babban cokali kaɗan, ya ajiye gishiri giram 58.5 kusa da shi, sannan ya bar ɗalibai su gano dalilin da ya sa gishirin ya ninka ruwan nauyi sau uku da ɗoriya alhali kowanne mol ɗaya ne.