Fitila a Cikin Ƙwayar Halitta

Kafin shekarar 1994, masanin da ke son bin sawun wani furotin a cikin ƙwayar halitta, galibi sai ya kashe ta tukuna, sa'an nan ya rina ta ko ya niƙa ta. Wato gawa yake dubawa, alhali kuwa zirga-zirgar mai rai yake nema: wane sinadari ke aika wa wane saƙo, kuma ta wace hanya.

Maganin wannan matsala daga teku ya fito. A 1962 Osamu Shimomura, mutumin Japan da ke aiki a Jami'ar Princeton ta Amurka, ya ba da labarin wani furotin da ya samu a jikin wata halittar ruwa mai yauƙi, Aequorea victoria, wanda in an haska masa shuɗin haske sai ya mayar da kore. Kusan shekara talatin ba a san abin da za a yi da shi ba.

To, a 1992 Douglas Prasher ya ware ƙwayar gadon da ke ƙera shi. Kuɗin bincikensa suka ƙare, ya aika wa Martin Chalfie da Roger Tsien ita kyauta. A 1994 Chalfie ya nuna wata 'yar tsutsa da aka dasa wa ita, jijiyoyinta suna haske tana raye. Tsien kuwa ya sauya launin zuwa shuɗi da rawaya, har aka iya liƙa wa furotin biyu fitilu dabam-dabam, a ga lokacin da suka haɗu.

A 2008 Shimomura da Chalfie da Tsien suka karɓi lambar Nobel, wadda ƙa'idarta ba ta wuce mutum uku. Ni dai ba na ganin laifin kwamitin kamar na waɗanda suka bari kuɗin Prasher suka yanke. A lokacin nan shi direba ne a wani kamfanin sayar da motoci a Jihar Alabama.