Sumunin da Ya Koma Tusu'i: Lissafin Kaso a Ƙasar Zamfara

Yaron firamare a Talata Mafara, idan malami ya rubuta masa cewa 1/8 daidai yake da 3/24, yakan ɗauka wani baƙon abu ne da boko ya zo da shi. Alhali kuwa kakanninsa sun yi ƙarnoni suna raba gona da garke da wannan ƙa'ida. Harshen ma shaida ne: rubu'i, sulusi, humusi, sudusi da sumuni duk kalmomin Larabci ne da suka shigo Hausa ta zauren malamai.

Tun kafin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Faru, cikin ƙasar Maradun ta yau, yana wa'azi a ƙarshen ƙarni na 18, ana karanta littattafan Malikiyya a ƙasar Hausa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, kuma kowannensu yana da babin gado. Wahalar babin ita ce magada ba su zuwa da kaso iri ɗaya. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa: matar tana da sumuni, uwa tana da sudusi. Ba a iya haɗa ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida sai an nemo adadin da zai rabu ga takwas da shida ba saura. Shi ne 24, wanda malamai ke kira asalin mas'ala. Sumuni ya zama 3, sudusi ya zama 4, ɗa ya kwashe 17. An sauya wa kaso suna, haƙƙin kowa bai motsa ba.

Inda abin ya fi daɗin nazari shi ne mas'alar da ake kira Mimbariyya. Mamaci ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa. A kan asalin 24, matar tana da 3, 'ya'yan 16, iyaye 4 kowanne. Jimla 27, wato kaso ya fi dukiya. Sai a yi auli, a raba dukiyar gida 27, kowa ya ɗan ragu gwargwadon rabonsa. An ruwaito cewa Sayyadina Ali yana kan mumbari aka tambaye shi, nan take ya ce sumunin matar ya koma tusu'i. Gaskiya ne, domin 3/27 shi ne 1/9. A ganina, darasin aji huɗu da ya fara da wannan labari ba zai yi saurin fita daga kan yaro ba.

Kasuwa ma ta koyar da nata. Kafin zuwan naira a 1973, sule kwabo 12 ne. Mai tallar fura ta san sisi rabin sule ne, taro kuma rubu'insa, ko da ba ta taɓa ganin 6/12 a allo ba.

Sai dai ƙa'idar tana da sharaɗi, wanda mutanen wannan yanki suka sha ɗacinsa. Kaso biyu ba su zama daidai sai abin da ake rabawa ya zama ɗaya. Da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, aka baje gonaki don aikin ban ruwa a ƙasashen Mafara, Bakura da Maradun, tsofaffin iyakoki suka ɓace. Manoma suka yi kukan diyya da sabon rabon filaye, har a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka da yawa. A takarda kadada kadada ce, amma manomi ya san rubu'in fadama ba rubu'in tudu ba ne.

Da dokokin shari'a suka faɗaɗa a Zamfara a 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, hankalin duniya ya tafi ga haddi. Rabon gado kuwa dama yana hannun alƙalai tun zamanin Turawa, kuma har yau bazawarar da ba ta san 3/24 sumuninta ne ba, sai abin da 'yan'uwan miji suka miƙa mata.